Gani ma sai an auna shi: sharhi bisa wani wasan telebijin

Yau za mu duba wani wasan kwaikwayo na telebijin da aka yi a ƙasar Amurka. Sunansa Twelve Angry Men, ma'ana mazaje 12 masu fushi. Gidan telebijin na CBS ya nuna shi ran 20 ga watan Satumba 1954, cikin jerin wasanni da ake kira Studio One. Reginald Rose ne ya rubuta shi, Franklin Schaffner ya shirya shi. Kai tsaye aka yi shi, ƴan wasa suna yi, mutane suna kallo a gidajensu. Tsawonsa wajen awa ɗaya ne.

Ga labarin. An kashe wani mutum da wuƙa cikin ɗakinsa. Ƴan sanda suka kama ɗansa, saurayi, ɗan unguwar talakawa. Aka kai shi gaban shari'a. In an same shi da laifi, hukuncinsa kisa ne.

A Amurka, shari'a irin wannan ba alƙali kaɗai yake yanke ta ba. Ana kiran mutane 12 daga cikin jama'ar gari, su zauna su saurari shaidu. Bayan nan a rufe su cikin ɗaki, su faɗi ko mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Sai bakinsu ya zo ɗaya, su duka 12. Shi marubucin ya ce ya taɓa yin wannan aiki a wata kotu ta birnin Niyok, daga nan ya samo labarin.

Cikin wannan ɗaki wasan yake gudana. Ba a faɗa mana sunayen mutanen ba, lamba ce kowa yake da ita. Da suka zauna aka ce a ɗaga hannu. Mutum 11 suka ce yaron ya yi kisa. Mutum ɗaya, mai lamba 8, ya ƙi. Robert Cummings ne ya fito a matsayinsa.

A nan wasan ya yi kyau ƙwarai. Mai lamba 8 bai ce yaron ba shi da laifi ba. Cewa ya yi shi bai tabbata ba, kuma ran mutum ya isa a zauna a yi magana a kansa. Sauran suka fusata. Wani yana da tikitin kallon wasa, sauri yake yi ya tafi. Wani ya ce ai mutanen irin waccan unguwa duk haka suke. Wani kuma yana da ɓacin rai game da ɗan cikinsa, sai ya ɗora haushin a kan ɗan wani.

Sai aka shiga auna shaida ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko wuƙa ce. A kotu an ce wuƙar da aka yi kisan da ita babu irinta, kuma yaron ya sayi irin wannan. Mai lamba 8 ya sa hannu aljihu, ya fito da wata wuƙa iri ɗaya sak. A wata rumfa kusa da gidan yaron ya saye ta. Ashe wuƙar ba ta da wuyar samu.

Ta biyu, wani tsoho ne da yake zaune a ɗakin ƙasa. Ya ce ya ji yaron yana barazanar kisa, ya ji faɗuwar mutum, ya tashi ya je ƙofa cikin sakan 15, ya ga yaron yana gudu. Amma a daidai lokacin jirgin ƙasa yana wucewa dab da taga, da ƙara mai toshe kunne. Yaya aka yi ya gane murya? Tsohon kuma ba shi iya tafiya da sauri saboda ciwo. Mai lamba 8 ya auna nisan cikin ɗakin, ya yi tafiya irin ta tsohon, wani yana duba agogo. Sai ga lokacin ya ninka.

Ta uku, wata mace ce da take zaune ƙetaren hanyar jirgi. Ta ce tana kwance da dare, ta hangi kisan ta cikin tagogin jirgin yana wucewa. Wannan shaida ta fi kowace ƙarfi, don an ce gani ya kori ji. Amma matar mai sa tabarau ce. Wa yake kwanciya barci da tabarau a idonsa? Ke nan abin da ta gani, dishi-dishi ta gan shi.

Marubucin bai mai da tsohon da matar maƙaryata ba. Mutane ne kamar ni da kai. Sun ga wani abu, sun ji wani abu, zuciya ta cika musu sauran. Wannan shi ne babban darasin wasan: mutum yana iya rantsuwa da zuciya ɗaya, kuma ya kasance ya yi kuskure.

To, wasan ba shi rasa aibi. Na ɗaya, mai lamba 8 ya je ya sayo wuƙa da kansa, alhali doka ba ta yarda mai wannan aiki ya fita ya yi nasa bincike ba. Wasan ya mai da karya doka abin yabo. Na biyu, kowace shaida da aka taɓa sai ta faɗi, kamar an jera ta don a ture. A shari'ar gaske abu ba shi zuwa da sauƙi haka. Na uku, duka 12 maza ne, kuma Turawa ne. Babu mace ko ɗaya, babu baƙar fata. Na huɗu, an manta da mamaci. An kashe mutum, amma ba wanda ya tsaya ya ce to wa zai bi masa haƙƙinsa.

A ƙarshe su 12 suka yarda cewa ba a tabbatar da laifi ba. Amma wasan bai gaya mana wanda ya yi kisan ba. Mai yiwuwa yaron ne, mai yiwuwa wani ne. Waɗansu masu kallo suna jin haushin wannan. Ni a ganina a nan ƙarfin wasan yake. Da an nuna mana mai kisan, sai mu ce mai lamba 8 ya yi sa'a, ya canki gaskiya. Da yake ba a nuna ba, dole mu yarda cewa ya yi daidai ko da bai sani ba, don ba a ɗaukar rai a kan zato.

Wasan ya ci kyautar Emmy har 3: ta marubuci, ta mai shiryawa, da ta Robert Cummings. A shekarar 1957 Sidney Lumet ya mai da shi fim na silima, Henry Fonda ya fito a matsayin mai lamba 8. Yawancin mutane wannan fim suka sani.

Ƴan'uwa, muna cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Gaskiya ne wajen gayya da haƙar rijiya. Amma wajen shaida, yawa ba hujja ba ne. Ran da aka kira ka shaida, a fada ko a kotu, ka raba abin da idonka ya gani da abin da aka gaya maka. Inda ba ka tabbata ba, ka ce ba ka tabbata ba. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma yana iya tsare ran wani.