Abokin Karawa Da Abokin Gaba: Sharhi Kan Littafin Chantal Mouffe

Littafin da za mu duba a wannan fitowa shi ne On the Political, wanda Chantal Mouffe, masaniyar falsafar siyasa 'yar ƙasar Beljiyam, ta wallafa a 2005. Ɗan ƙaramin littafi ne, amma tambayar da ya ɗauko ta shafi duk marubucin da ya taɓa saka siyasa a labari ko waƙa: shin rigima cuta ce a jikin dimokuraɗiyya, ko kuwa da ita take numfashi?

Marubuciyar ta kamo bakin zaren daga Carl Schmitt, masanin shari'a Bajamushe da ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933, wanda yake ganin tushen siyasa shi ne rarrabe aboki da maƙiyi. Ta yarda da shi cewa ba a siyasa sai da ɓangare biyu masu ja da juna. Inda suka raba hanya shi ne, a wurinta aikin dimokuraɗiyya ta mai da abokin gaba ya zama abokin karawa. Mai karatu ya dubi 'yan dambe: kowa so yake ya kai ɗan'uwansa ƙasa, amma duk sun yarda da fili, sun yarda da mai rabiya, kuma wanda aka kayar yau yana da damar dawowa gobe.

Saboda haka ta soki masana irin su Anthony Giddens, wanda gwamnatin Tony Blair ta Birtaniya ta jingina da ra'ayinsa, masu cewa zamanin jayayya tsakanin 'yan ra'ayin sauyi da 'yan mazan jiya ya wuce. Hujjarta mafi ƙarfi ita ce ƙasar Ostiriya, inda manyan jam'iyyu biyu suka daɗe suna haɗa gwamnati. Da mai ƙuri'a ya ga ko ina ya dangwala tuwon ɗaya ne, sai ya karkata ga jam'iyyar Jörg Haider mai ƙyamar baƙi, har ta sami kusan kashi 27 cikin 100 a zaɓen 1999. Wato in aka toshe wa fushin jama'a magudana, ta katanga zai ɓalle.

To amma littafin yana da giɓi. Karawa ba ta yiwuwa sai an yarda da mai rabiya, kuma Mouffe ba ta tsaya sosai kan abin da ke faruwa in mai rabiyar yaron gidan ɗaya daga cikin 'yan damben ne ba. Tarihinmu ya san wannan. Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kotunan alkalai da 'yan doka da gidajen yari duk suna hannun hukumar En'e, wadda shugabanninta suka zama ginshiƙan NPC. An ɗaure 'yan NEPU da yawa, Hajiya Gambo Sawaba kuwa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wanda ake ɗaurewa don ya yi lacca, da wane baki za a ce masa ya ɗauki mai ɗaure shi abokin karawa? Ashe kafin a koya wa mutane ladabin jayayya, sai an fara gyara filin.

Ta fuskar salo, harshen littafin na jami'a ne, akwai maimaici, kuma yawancin misalansa na Turai ne. Duk da haka babi-babinsa a tsare suke, hujja na bin hujja.

Darasin da ke nan ga marubutanmu, musamman masu tasowa, shi ne mu dubi yadda muke gina taurarin labaran siyasa. Sau da yawa ɗan takararmu waliyyi ne, abokin hamayyarsa kuwa ɓarawo, mashayi, mai bin bokaye, a ƙarshe ya haukace ko mota ta kife da shi. Irin wannan labari yana koya wa mai karatu cewa ba a gama siyasa sai an ga bayan wani. A ba abokin hamayya hujja mai nauyi, a ba shi magoya baya masu hankali, a bar shi da ransa a shafin ƙarshe, domin akwai wani zaɓen a gaba. Allah ya sa mu dace.