Jean Rouch da Matsalar Muryar Ɗan Bori a Sinima

Wannan maƙala za ta dubi aikin Jean Rouch, Bafaranshen da aka haifa a Paris a 1917, ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya ƙare da ɗaukar sinima. Ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, aka binne shi a Yamai.

Abin da ya fi jawo masa suna da suka shi ne Les Maîtres fous na 1955, wanda ya ɗauka a wajen birnin Ankara ta Gana cikin 'yan ci-ranin Nijar masu bautar iskokin da ake kira Hauka. Wannan reshen bori ya ɓullo ne a yankin Filinge wajen 1925, iskokinsa kuwa Turawan mulki ne: Gwamna, Janar, Kofur, matar Likita. Akwai wurin da aka fasa ƙwai a kan gunkin Gwamna, nan take Rouch ya yanke hoton ya nuno farin gashin tsuntsun da ke saman hular Gwamnan Ingila a filin fareti. Wannan gwaninta ce, babu musu, domin ya faɗi magana ba tare da ya buɗe baki ba. Hukumar mulkin mallaka ta gane habaicin, ta hana nuna fim ɗin.

Amma fa a sauran fim ɗin bakin nasa bai rufu ba. Dawakin iskoki suna magana, kumfa na zuba, ana yanka kare, mai kallo kuwa muryar Rouch kaɗai yake fahimta, da Faransanci, tana fassara komai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin bori, ko a ƙauyukan Gaya da Ajingi ne, ya san cewa kirari da zancen iska su ne jigon wasan. In aka danne su, sai a bar mai kallo da zaro ido da kumfa kawai. Watakila wannan ne ya sa Usman Sembene ya zarge shi a 1965 da kallon 'yan Afirka kamar ƙwari.

Ga alama shi ma ya lura. A Moi, un noir na 1958 ya bar Umaru Ganda, ɗan dako a Abijan, ya ɗora nasa sharhin a kan hoton, haka kuma Damure Zika da Lam Ibrahim suka yi a Jaguar, labarin ci-rani zuwa Gana. An sami ci gaba ke nan, sai dai har a nan harshen sharhin Faransanci ne, watau an ba su murya amma an zaɓa musu masu saurare. Ganda ya kama nasa aikin daga baya, har fim ɗinsa Le Wazzou polygame, mai zancen kishiya, ya ci babbar lambar bikin sinima na Wagadugu a 1972.