BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN AMFANI DA FASAHAR ZAMANI DA RA'AYIN MASU SAURARO A AYYUKAN JINGA NA ƊALIBAN AIKIN JARIDA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayanin ire-iren ayyukan jinga da akan ɗora wa ɗaliban sashen koyon aikin jarida, wato shirin rediyo da gajeren fim da mujallar aji. An kuma nuna cewa malamai kan bukaci ɗalibi ya haɗa aikinsa da rahoto, inda zai fayyace na'urorin da ya yi amfani da su da kuma abin da masu sauraro ko masu kallo suka ce game da aikin. A wannan babi za a yi sharhi ne a kan waɗannan abubuwa guda biyu. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, fasahar zamani ta sauƙaƙa wa ɗalibi shirya aiki da yaɗa shi, amma galibin abin da ɗalibai suke gabatarwa da sunan ra'ayin masu sauraro yabon abokai ne da 'yan'uwa. Saboda haka ba ya nuna ko saƙon ya isa ga waɗanda aka shirya shi dominsu.

4.1 Matsayin Ra'ayin Masu Sauraro

Masana ilimin sadarwa sun daɗe da nuna cewa aikin mai aika saƙo ba ya ƙarewa da aikawa. Schramm (1954) ya kwatanta sadarwa da kewaye, inda mai karɓar saƙo yake mayar da martani, shi kuma mai aikawa ya gyara zancensa bisa wannan martani. Hall (1973) kuma ya nuna cewa mai sauraro yana iya karɓar saƙo kamar yadda aka nufa, ko ya karɓi wani ɓangare ya daidaita shi da halin da yake ciki, ko kuma ya ƙi shi ɗungurungum. Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga cewa ba yadda za a yi mai shiri ya san wanne daga cikin ukun ya faru sai ya koma ya tambaya.

Kafafen yaɗa labarai na Hausa ma sun san wannan tun da daɗewa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ƙarƙashin editancin Abubakar Imam, ta riƙa buga wasiƙun masu karatu. Gidan rediyon Kaduna ya yi fice da shirin Zaɓi Sonka. Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 yana da filin Amsoshin Takardunku da kuma Ra'ayi Riga. Bayan Dokar Soja ta 38 ta 1992 ta kafa Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, ta kuma ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, sai ga wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Haɗuwar waɗannan biyu ta sa shirye-shiryen kiran waya suka bunƙasa a tashoshi irin su Freedom Radio da aka buɗe a Kano a 2003. Ke nan ɗalibin da aka ce ya nemo ra'ayin masu sauraro, wani ginshiƙi ne na sana'ar ake son ya koya.

4.2 Sauƙin da Fasahar Zamani ta Kawo

Ba za a yi wa fasahar zamani adalci ba idan ba a fara da ambaton alfanunta ba. A da, tace shirin rediyo yana bukatar a yanka zaren faifan murya da reza, a cire inda ba a so, sannan a liƙe shi. Kuskure ɗaya yana iya ɓata aikin yini guda. Na'urorin kuma tsada gare su, don haka aji guda kan yi layi a kan rikoda ɗaya ko kyamara ɗaya. A yau ɗalibi yana naɗar murya da hoto da wayarsa, ya tace murya a kwamfuta da manhajar Audacity wadda kyauta ce, ya haɗa hoto da Adobe Premiere ko CapCut, idan ya yi kuskure ya koma baya ba tare da asara ba. Haka nan yana iya ɗora aikinsa a YouTube ko Facebook ko ya tura shi ta WhatsApp a rana guda.

Wannan sauƙi ya amfani ɗalibai ta fuska biyu. Na farko, ɗalibin da ba shi da hali yana iya fitar da aiki mai tsafta ba tare da ya yi hayar situdiyo ba. Na biyu, aikin jinga ya daina zama abin da malami kaɗai zai gani ya jefa a durowa. Sai dai an lura cewa ɗalibai kan cika rahotonsu da jerin sunayen manhajoji da hotunan fuskar kwamfuta, ba tare da bayyana dalilin da ya sa suka zaɓi wata dabara suka bar wata ba. Sanin inda ake dannawa a manhaja abu ne da ake koya cikin mako guda. Abin da ya kamata rahoto ya nuna shi ne hukuncin da ɗalibi ya yanke, misali me ya sa ya yanke hirar minti 10 ta koma minti 2, kuma me ya zubar a cikinta.

4.3 Raunin Hanyar Tattara Ra'ayi

An gano rauni iri huɗu a yadda ɗalibai suke tattara ra'ayin masu sauraro ta kafafen zamani.

4.3.1 Waɗanda Ake Tambaya

Ɗalibi yakan rubuta a shimfiɗar aikinsa cewa ya shirya shi ne domin manoma ko matan aure ko 'yan kasuwa. Amma idan ya zo neman ra'ayi sai ya tura shirin zauren WhatsApp na ajinsu ko shafinsa na Facebook. Mutanen da ke waɗannan wurare ɗalibai ne irinsa, masu ilimin boko da babbar waya da kuɗin data. Manomin da aka ce dominsa aka yi shirin, wanda rediyo yake saurara a gona, ba ya cikinsu.

Yawan masu amsawa ba ya maganin wannan matsala. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta aika da takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10, ta sami amsa fiye da miliyan 2, ta kuma yi hasashen cewa Landon ne zai kayar da Roosevelt. Da aka yi zaɓe sai Roosevelt ya lashe jihohi 46 daga cikin 48. George Gallup, wanda ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai idan an kwatanta da na mujallar, shi ne ya faɗi wanda zai ci daidai. Daga cikin dalilan kuskuren mujallar akwai cewa ta ɗebo sunaye daga littattafan masu tarho da masu mota, sannan waɗanda suka ga dama ne kawai suka amsa. Duka waɗannan kurakurai biyu suna nan a cikin hanyar da ɗalibanmu suke bi.

4.3.2 Yabon Kara

Rauni na biyu ya shafi al'ada. Kirk-Greene (1974) ya lissafa kunya da ladabi cikin halayen mutumin kirki a wurin Bahaushe. Da wuya Bahaushe ya kushe aikin abokinsa a bainar jama'a, balle a zauren da kowa yake ganin sunansa. Abin da zai rubuta shi ne "Masha Allah" ko "Allah ya ƙara basira". Waɗannan addu'o'i ne na zumunci, kuma suna da matsayinsu, amma ba su gaya wa mai shiri ko an ji muryarsa sosai ko an gane saƙonsa ba. Daɗin daɗawa, abokin yana sane da cewa maki ake nema, shi ma kuma gobe zai kawo nasa aikin. Ɗalibin da ya tara irin waɗannan kalamai ya rubuta cewa masu sauraro sun gamsu, ya ɗauki kara ne a matsayin hujja.

4.3.3 Dogaro da Adadi

Rauni na uku shi ne ɗaukar adadin waɗanda suka kalla ko suka danna alamar so a matsayin ma'aunin nasara. Facebook ya shafe shekaru yana ƙirga kallon daƙiƙa 3 a matsayin kallon bidiyo. Wanda ya wuce ta kan shiri yana neman wani abu daban ma an ƙirga shi ke nan. Abin mamaki shi ne, waɗannan kafafe suna ba da bayanin da ya fi wannan amfani. YouTube yana nuna wa mai shafi zanen da ke bayyana daidai minti da daƙiƙar da mutane suka fara barin kallo. Ɗalibin da ya ga cewa a minti na 2 aka watse, ya koma ya duba abin da ke wurin, ya koyi wani abu game da aikinsa. Amma ba kasafai ake ganin wannan a rahotanni ba, domin ba ya ƙawata rahoto kamar babban adadi.

4.3.4 Lokacin da Ake Tambaya

Rauni na huɗu shi ne, akasari sai an gama aiki, ana gab da miƙa shi, sannan ake neman ra'ayi. A lokacin ko da wani ya nuna gyara babu sauran damar yin sa. Ke nan kewayen da Schramm ya yi bayani bai rufe ba, tun da martanin bai sauya komai a cikin saƙon ba.

4.4 Misali Daga Aikin Mai Nazari

Domin kada sharhin ya tsaya a kan ayyukan wasu, mai wannan nazari zai kawo misali daga aikin da shi da abokan rukuninsa suka yi a aji uku. An shirya shirin rediyo na minti 15 a kan tsaftar ruwan sha, domin matan aure a unguwannin da ke sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa. An naɗi hira da wani ma'aikacin lafiya, an sa kiɗa a ƙarƙashin murya, an tura zauren aji, an sha yabo, an kuma sami maki mai kyau.

Bayan an ba da maki ne wata 'yar rukunin ta kunna wa matan gidansu shirin a ƙaramar waya. Abu uku suka fito. Na farko, kiɗan ya danne muryar mai gabatarwa. Masu shirin ba su lura ba domin da abin sauraro na kunne suka tace shi, a ɗaki shiru, alhali matan a tsakar gida suka saurara, ga yara ga aiki. Na biyu, ma'aikacin lafiyar ya cika bayaninsa da kalmomin Ingilishi waɗanda ɗalibai suka gane, matan kuwa ba su gane ba. Na uku, shirin ya nace a kan a tafasa ruwa. Matan sun yarda cewa tafasawa tana da kyau, amma suka ce gawayin da za a tafasa ruwan gida guda kullum ya fi ƙarfin cefanensu. Ɗaya daga cikinsu ta tambaya ko alif ɗin da suke jefawa a randa ya wadatar. Wannan ita ce tambayar da ta fi damunsu, ga shi kuwa shirin bai ko ambaci alif ba, balle ya bayyana cewa yana kwantar da datti ne amma ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta.

Wannan shi ne nau'i na biyu da Hall ya ambata, wato mai sauraro ya karɓi saƙo amma ya auna shi da halin da yake ciki. Zaman ɗan lokaci da waɗannan mata ya fito da abin da duk yabon zauren aji bai fito da shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

4.5 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, ana ba da waɗannan shawarwari:

(a) A wajabta wa ɗalibi ya gwada aikinsa a kan mutanen da ya ce dominsu ya shirya shi, ko da ba su da yawa, kuma a irin na'ura da wurin da za su saurara.

(b) A yi gwajin kafin a kammala aiki, sannan ɗalibi ya miƙa zubi na farko da na ƙarshe tare, ya nuna abin da ya sauya da dalilinsa. Idan ya ƙi karɓar wani gyara, ya kawo hujja.

(c) A guji tambayar "Shirin ya yi kyau?" A nemi mai sauraro ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa, ya kuma faɗi inda ya gaji ko ya rikice. Zai fi kyau wani daban ya yi tambayar domin a rage kara.

(d) A yi amfani da saƙon murya na WhatsApp wajen karɓar ra'ayin waɗanda ba su iya rubutun boko ba.

(e) A goge sunaye da lambobin waya daga hotunan saƙonnin da ake liƙawa a rahoto, a kuma nemi izinin masu su. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan masu tattara bayanan mutane, kuma ya dace ɗan jarida ya saba da wannan tun yana makaranta.

(f) Masu ba da maki su fifita gyaran da ɗalibi ya yi a kan yawan yabon da ya tara. Muddin yabo ne yake kawo maki, yabo ɗalibai za su riƙa nema.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an yi sharhi a kan yadda ɗaliban aikin jarida suke amfani da fasahar zamani da ra'ayin masu sauraro a ayyukansu na jinga. An nuna cewa fasahar ta rage tsada da wahalar shirya aiki, ta kuma ba shi damar fita daga aji. An kuma fito da rauni huɗu a hanyar tattara ra'ayi, wato tambayar waɗanda ba su ne aka nufa ba, da yabon kara, da dogaro da adadi, da jinkirta tambaya har sai an gama aiki. An kawo misali daga aikin mai nazari, sannan aka ba da shawarwari guda shida. A babi na biyar za a kawo taƙaitawa da kammalawar nazarin gaba ɗaya.