Rigar Mai Sadaka a Jikin Kamfani

Ɗan'uwa mazaunin Amurka, a ce yau masallacinku ya shiga shari'a da wani. Tun kafin a fara zama, lauyan ɗaya ɓangaren na iya neman sunayen masu ba da gudummawa. Za ka so ka tsinci sunanka a jarida? Ni kam a'a.

Irin wannan ce ta faru a jihar Washinton. Keith Rhinehart, shugaban wata ƙungiyar addini, ya maka jaridar Seattle Times a kotu kan ɓata suna. Alƙali ya sa shi miƙa sunayen mabiya da masu ba da kuɗi, amma ya hana jaridar buga su. A 1984 Kotun Ƙoli ta goyi bayansa baki ɗaya: in akwai ƙwaƙƙwaran dalili, a rufe abin da aka samo ta wannan hanya, amma in jarida ta samo shi daga wani wuri, ta buga abinta.

Har nan ba ni da ja. Damuwata ita ce, rigar da aka ɗinka wa mai sadaka, manyan kamfanoni sun saka ta. Yawancin ƙararrakin nan da sulhu suke ƙarewa, sai takardun da ke nuna haɗarin taya ko magani su kwanta a akwatin lauyoyi. To kai da ke tuƙa motar fa, wa zai faɗa maka?

Jihar Filorida ta lura: dokarta ta 1990 ta hana kotu ɓoye haɗarin da ya shafi jama'a. Haka ya kamata. A rufa wa mutum asiri, amma ban da abin da zai iya kashe maƙwabcinsa.