Kagarar Elmina: labarin da ake farawa daga bakin ƙofa

Ɗan makarantar Dogo-Dogo ya san ganuwa, ya ji labarin Birnin Damagaram a bakin manya, amma teku sai a taswira yake ganinta. Idan malami ya zo darasin cinikin bayi na Atlantika, hoton da aka saba nunawa shi ne na wani farin gini a bakin ruwa, da igwoyi jere a kansa. Kagarar Elmina ta ƙasar Gana tana cikin fitattun irin waɗannan gine-gine. Yaro yakan ɗauka cewa labarin wasu mutane ne can nesa, kuma yadda ake nuna kagarar ga baƙi yana ƙarfafa wannan zato. Wannan shi ne abin da ya kamata malamai su duba da kyau.

Turawan Fotugal suka gina ta a 1482, ƙarƙashin jagorancin Diogo de Azambuja. Zinariya ce ta kawo su, shi ya sa suka kira wurin Mina, wato ma'adini. A 1637 mutanen Holan suka hau tudun da ke fuskantar ginin, suka yi masa ruwan igwa har aka sallama musu. A hannunsu ne ɗakunan ajiyar kaya suka cika da mutane masu jiran jirgi. Holan ta hana cinikin a 1814, ta miƙa kagarar ga Ingila a 1872, sa'an nan hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Mai ziyara yana isa Elmina bayan tafiyar kilomita 150 ko kusa da haka yamma da Ankara, babban birnin Gana. Yana ƙetare gadar tafkin Benya, inda jiragen masunta ke cunkushe, kafin ya shiga farfajiya. Ɗan jagora yana bi da shi kurkukun maza, da farfajiyar mata wadda baranda ta gwamna ke leƙawa, da majami'ar ƴan Holan da ke saman ɗakunan da aka tsare mata. Daga ƙarshe sai ƴar siririyar ƙofar da ake kira ƙofar da ba a dawowa. A nan ne ƙarfin wurin yake. Ba a cika ɗakunan da gumaka ko zane ba, an bar duhu da zafi da ƙarancin iska su yi bayani. Wanda ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai ya ga inda ake ibada a samansa ba ya bukatar dogon sharhi. Gani ya kori ji.

Rauninsa kuwa shi ne nauyin bayanin ya karkata wajen teku. Ana faɗin inda aka kai mutanen, ana yi wa jikokinsu na Amurka da Karebiyan maraba, musamman tun bikin Shekarar Dawowa na 2019, kuma wannan haƙƙinsu ne. Sai dai tambayar daga ina aka fito da su, wa ya kama su, ta wace hanya aka bi da su, ba ta samun irin wannan fili. Labarin yana farawa ne daga bakin ƙofa, ya bar hanyoyin arewa a duhu, alhali a waɗannan hanyoyi ne tarihin ƙasar Hausa ya gamu da na Elmina.

Hanya ta farko ita ce ta goro. Fataken Kano da Katsina sun yi ƙarnoni suna zuwa Gwanja da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro daga kasuwar Salaga. A wannan kasuwa har da mutane ake sayarwa, waɗanda Asante ke kira odonko, wato bayin da aka kawo daga arewa. Da yawa daga cikin mazajen da Holan ta ɗauka soja tsakanin 1831 da 1872 irin waɗannan ne. Kimanin mutum 3,000 aka kwashe ta Elmina zuwa tsibirin Java. A takarda ƴantattu ne, amma kuɗin fansarsu daga albashinsu aka riƙa cirewa.

Hanya ta biyu ita ce ta bindiga. A 1863 John Glover ya kafa rundunar da aka sani da Hausawan Glover a Legas, kuma na farkonta bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu. Sojojin Hausa suna tare da Ingilishi a watan Yuni na 1873, lokacin da aka ragargaje tsohon garin Elmina da igwa, garin da ba a sake ginawa a wurinsa ba. Suna kuma cikin rundunar da ta shiga Kumasi a 1896 ta kamo Sarkin Asante Prempeh na ɗaya, wanda har yau ake nuna ɗakin da aka tsare shi a kagarar. Bahaushe ke nan ya bayyana a tarihin wuri ɗaya a matsayin farke, a matsayin bawa, a matsayin sojan Bature. Bayanin da ya raba duniya gida biyu, mai saye fari da wanda aka saya baƙi, ba shi da wurin ajiye mutum irin wannan.

Faɗin haka ba rage laifin Turai ba ne. Turai ce ta gina kurkukun, ta kawo jiragen, ta ci ribar gonakin rake. Amma malamin da ya tsaya nan ya koyar da rabin gaskiya. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta yi ƙarfi da igwa da ganuwa, ta mamaye maƙwabtanta har da ƙasar Dungas, ayarinta kuma suna ratsa hamada zuwa Tarabulus ɗauke da gashin jimina da fatu da bayi. Hamadar ma teku ce ga wanda aka ja shi cikinta, ba ta kuma da ƙofar da baƙi ke ajiye furanni.

Batun bai zama tsohon zance ba. Sai a 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka a dokarta, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya a ƙarar da ta kai ƙasar kan rashin kare ta daga bauta. Har yanzu akan binciki asalin mutum kafin a ba shi aure, a fake da wasa a kira shi bawa.

Saboda haka darajar Elmina ga malamai da ƙungiyoyin al'adu na yankin Magarya da Dungas tana cikin darasin da ta bayar na adana gini da barinsa ya yi magana, da kuma giɓin da ta bari. Ƙungiyar da ta samu halin kai ɗalibai Gana, ya kyautu ta yada zango a Salaga ta ga rijiyoyin da ake dangantawa da bayi, kafin ta gangara bakin teku. Wadda ba ta da hali, ragowar ganuwar Birni da fadar Sarkin Damagaram suna kusa, tsofaffin da suka san kirarin yaƙoƙi da sunayen garuruwan da aka ci kuma suna nan da ransu. A ɗauki maganarsu tun suna iya faɗa, a rubuta ta da Hausa, a ajiye ta kusa da hoton farin ginin nan a cikin aji.