Kashi na biyu: ƙarfi da raunin finafinan da aka ciro daga wasannin bidiyo

Mai kallo a ƙasar Hausa ba baƙon "kashi na biyu" ba ne. Tun zamanin kaset finafinan Kano suka saba masa da tsayawa a tsakiyar rikici, a ce ya tara a kashi na gaba. Sai dai a can labari ɗaya ne ake yankawa gida biyu ko uku. A masana'antar Amurka kuwa fim kan ƙare, ƙullinsa ya warware, amma da yake ya kawo kuɗi sai a koma a nemo masa ci gaba. Wannan maƙala za ta dubi irin wannan ci gaba a finafinan da aka ciro daga wasannin bidiyo, waɗanda ɗalibai da yawa suka san taurarinsu tun kafin su kalle su, domin sun riga sun buga wasan a PlayStation ko a wayar hannu.

Tushen matsalar yana cikin bambancin wasa da fim. Idan kamfani ya fitar da wasa na biyu, abin da mai bugawa ke nema shi ne ƙarin fagage, ƙarin mayaƙa da abokan gaba masu wuyar kayarwa. Maimaici ba ya gundurar da shi, domin yatsunsa ne ke fama, shi ke faɗuwa, shi ke sake tashi. Mai kallon fim kuwa hannunsa wofi yake. Abin da zai riƙe shi a kujera shi ne damuwa da makomar tauraro. Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma masu shirya fim da dama sun ci gaba da rawar wasa alhali gangar sinima ake kaɗa musu.

Mortal Kombat ya isa misali. Fim na farko, wanda Paul W. S. Anderson ya ba da umarni a 1995, yana da zubi mai sauƙi: gasa guda, mayaƙa uku, kowannensu da dalilin da ya kai shi tsibirin. Liu Kang na neman fansar ƙanensa, kuma wannan jigo ya ɗaure faɗace-faɗacen wuri ɗaya. Fim ɗin ya samu sama da dala miliyan 120. A 1997 aka fitar da Mortal Kombat: Annihilation. Daga cikin manyan ƴan wasan farko, Robin Shou da Talisa Soto kaɗai suka dawo. James Remar ya maye gurbin Christophe Lambert a matsayin Raiden, aka kuma kashe Johnny Cage a mintocin farko. Daga nan sai aka shiga jero mayaƙan wasan ɗaya bayan ɗaya: kowa ya fito, ya yi faɗa, ya ɓace, tamkar malami na kiran suna a aji. Abin da fim ɗin ya samu bai kai rabin na farko ba.

Rauni na biyu shi ne mantuwa, kuma jerin Resident Evil ya fi kowa nuna shi. An yi finafinai shida tsakanin 2002 da 2016, Milla Jovovich na fitowa a matsayin Alice, tauraruwar da babu ita a wasannin kamfanin Capcom. A kasuwa sun yi nasara, domin sun tara sama da dala biliyan ɗaya. Ta fuskar tsari kuwa, kowane kashi yakan rushe abin da na gabansa ya gina. Fim na 2007 ya nuna duniya ta koma hamada, na baya suka wuce kamar ba a yi ba. Fim na 2004 ya ce wani masani ne ya ƙirƙiro ƙwayar cutar don ceton ƴarsa, na ƙarshe ya miƙa wannan tarihi ga wani masani daban da wata ƴa daban. A wasa, mutuwa ba komai ba ce, ana danna maɓalli a sake farawa. A labari kuwa, idan abin da ya faru jiya bai da nauyi yau, mai kallo zai daina jin tsoro, ya kuma daina jin tausayi.

Duk da haka, kashi na biyu yana da wata dama da na farko bai da ita. Fim na farko yakan ɓata rabin lokacinsa wajen gabatarwa, yana lallashin wanda bai taɓa riƙe abin buga wasa ba. Na biyu ya sauke wannan kaya. Finafinan Sonic uku da Jeff Fowler ya ba da umarni sun ci moriyar haka. A na 2020, bushiyar nan mai gudu ta kusan zama baƙuwa a fim ɗinta, domin tafiyar mota da wani ɗan sanda ta cinye labarin. A na 2022 aka shigo da Knuckles, da muryar Idris Elba, kuma ya zo da bashi a wuyansa: danginsa sun ƙare a faɗan da ya raba Sonic da mai renonsa, wato rana ɗaya ta mai da su marayu. A na 2024 aka ɗauko Shadow daga wasan Sonic Adventure 2 na 2001, da muryar Keanu Reeves. Shadow ya yi shekara 50 a tsare bayan mutuwar Maria, yarinyar da ta zame masa ƴar'uwa. Da ya raunata uban riƙon Sonic, sai shi ma Sonic ya kama hanyar ramuwa, har ya ga kansa a madubin abokin gabansa. Kowane kashi ya fi na gabansa samun kuɗi, daga kimanin dala miliyan 320 zuwa sama da 400, sannan kusan 500.

Su ma ba su tsira daga aibu ba. Bikin auren da aka cusa a tsakiyar fim na 2022 ya ja labarin baya, kuma al'adar nuna sabon tauraro bayan jerin sunaye tana mai da ƙarshen kowane fim tallar na gaba. Fim ɗin da bai yarda ya rufe ƙofarsa ba yana hana mai kallo natsuwar da kammalallen labari ke bayarwa.

Ma'aunin dai a fili yake. Annihilation da Sonic duk sun ƙara taurari, amma a ɗaya sabon shiga ya cika fage ne kawai, a ɗayan kuma ya tilasta wa tauraro yin zaɓin da bai taɓa fuskanta ba. Malamin adabi zai iya amfani da wannan a aji, musamman ga ɗaliban da insha'insu ke tafiya da "sai suka yi faɗa, sai wani ya zo". Ya kawo kashi na biyu na fim ɗin da suka sani, ya tambaye su: me tauraro zai iya rasawa a nan wanda bai rasa a na farko ba? Ɗalibin da ya iya amsa wannan ya fara rarrabe jerin aukuwa da ƙullin labari, kuma da wannan idon zai karanta littafin da ke cikin manhaja.