Littafin Hasan Fathi a Ma'aunin Ginin Hausa

A cikin 1969 aka buga littafin Hasan Fathi, masanin gini na Masar, a Alƙahira, aka sake buga shi a 1973 da suna Architecture for the Poor, watau ginin talaka. Labarin Sabuwar Gurna ya bayar, ƙauyen da ya fara ginawa da ƙasa kusa da Luksor a 1946, da taimakon maginan Nuba masu iya ɗaure rufi ba da katako ba.

Hujjarsa mai ƙarfi ce. Bangon ƙasa mai kauri yakan sha zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya yi, don haka ɗaki ya yini da sanyi, ya kwana da ɗumi. Wanda ya taɓa zama a soro da bazara, sa'an nan ya koma ɗakin siminti da kwano, ba ya bukatar a yi masa bayani. Abin da tubali ke yi kyauta shi ne ake saye yanzu da kuɗin lantarki da man janareta.

Amma fa akwai wurare biyu da littafin ya gaza. Na farko, Luksor ba ta san damina ba. A ƙasar Hausa kuwa soro ba ya tsayuwa sai da indararo, da makuba, da sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka. Wanda duk ya ɗauko shawarar Fathi bai lissafa wannan wahala ba ya yaudari talaka.

Na biyu ya fi nauyi. Hukuma ce ta sa a tsara ƙauyen, don a ta da mutane daga kan kaburburan zamanin Fir'aunoni. Yawancinsu suka ƙi tashi, aikin ya tsaya. Daga baya, da iyali suka yawaita, aka rushe gidaje da dama aka mai da su na kankare. Gidan Bahaushe kuwa ba a gama shi. Ɗa ya yi aure, a ƙara ɗaki. Ɗaki ya faɗi, a kwaɓa ƙasarsa a sake tubali, a mai da azarorinsa.

Saboda haka malamin da zai karantar da littafin nan ya kamata ya haɗa shi da kai ɗalibai wurin magina. Fathi ya tabbatar da darajar ƙasa, amma sanin yadda gida ke girma tare da masu shi yana hannun maginan Kano da Zariya.